Tambayi Koci: Masu Son Kaki da Gwajin Ƙarfin Jiki

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin akwatin saƙona cika yayi maƙil, kuma kusan duk maganar ɗaya ce, gwajin ƙarfin jiki na shiga aikin ɗan sanda. Da alama an buɗe ɗaukar kurata, kowa ya tuna ashe yana da ƙafa. Na tsamo waɗanda naga amsarsu zata amfani mutane da yawa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Koci, dan Allah ina neman shawara. Na cike fom ɗin ɗan sanda kuma Alhamdulillah sunana ya fito, ance nan da sati bakwai za'ayi tantancewa harda gudu. Ni kuma gaskiya rabona da gudu tun ina sakandare, to sai na fara fita kullum da sassafe ina gudu har sai naji kamar zan faɗi, yau kwana tara kenan ban huta ko rana ɗaya ba, yanzu ƙwaurina duka biyun ciwo suke musamman na hagu, in zan sauka daga bene sai na dafa bango. Abokina yace in cije in cigaba wai jiki ne yake sabawa. In cigaba ne? — Mai son kaki

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kar ka cigaba. Abokin naka ba ƙwaurinsa bane ke ciwo shi yasa bakinsa yake da sauƙi.

Abinda ke faruwa da kai shine, zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, cikin sati biyu uku zakaji hakin ya ragu har ka fara jin kai wani ne, amma ƙashi da jijiyoyin ƙafa basa sauri haka, su sai a hankali, watanni suke ɗauka kafin suyi ƙwari sosai. To kai ka ɗauko ƙafar da ta shekara nawa bata san komai ba sai zama, ka ɗora mata duka kwana tara a jere akan ƙasa mai tauri, dole tayi ƙara. Kuma ƙarfin da kake nema ba lokacin gudun yake shiga jiki ba, lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara abinda gudun ya ɓata ya ƙara masa ƙwari, kai kuma ka hana shi wannan lokacin gaba ɗaya.

Yanzu ka zauna ka miƙe ƙafar hagun, ka bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa kana dannawa daga sama har kusa da idon sawu. In ciwon a baje yake, ya kai tsawon tafin hannu ko fi, kuma yana lafawa in ka huta, to wannan ciwon ƙwauri ne irin na sababbin 'yan gudu, yana warkewa. Amma in kaji wuri ɗaya ne tak wanda kan yatsa zai rufe, kana dannawa kaji har cikin ranka, ko yana maka ciwo kana tafiya kawai ko kana kwance da daddare, ko ka kasa yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, to maza asibiti, domin ƙila ƙashin ne ya fara tsagewa. Kuma ka sani irin wannan tsagewar sau da yawa bata fitowa a hoton ƙashi a satuttukan farko, saboda haka in an ɗauka ba'a ga komai ba amma ciwon na nan, ka koma ka gaya wa likita. Tsagewar ƙashi sati shida zuwa takwas take ci ko ma fiye, kaga kenan tantancewar ta wuce ka.

Mu ɗauka na farkon ne. Ka ajiye gudu na kwana biyar zuwa sati, ka hau keke ko kayi iyo in kana da inda zakayi, ko tafiya da sauri in bata tada ciwon, saboda kar numfashin da ka fara samu ya gudu. A cikin wannan satin kayi aikin da ya kamata ace shi ka fara yi tun kafin ka ɗaura kambas, wato ka nemo takardar sanarwar hukumar da kake nema ka karanta ainihin me zasu gwada, nisan gudu nawa, minti nawa, me da me za'a haɗa dashi. Ba ta bakin wani a majalisa ba. Kowace ƙasa da nata, wani lokacin ma a ƙasa ɗaya shekarar bana ta bambanta da ta bara. Na sha ganin yaro ya shafe wata biyu yana gudun kilomita goma a hankali, ranar gwaji aka ce gajeren gudu ne na sauri, ya tsaya yana kallon mutane.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi yi dai gudun kilomita 2.4 ne, mil ɗaya da rabi kenan. Asalinsa daga aikin wani likitan sojan saman Amurka ne Kenneth Cooper, wanda a 1968 ya fito da gwajin gudun minti 12, a ga nisan da mutum zai ci, daga nan sojoji da 'yan sanda na ƙasashe da yawa suka ɗauka. A filin wasa mai zagayen mita 400, kilomita 2.4 zagaye shida ne cif. In misali ance ka gama a minti 12, to kowane zagaye minti biyu kenan, wannan lissafin ka riƙe shi a kai kamar lambar wayarka.

In ciwon ya lafa ka dawo da gudu sau uku a sati, in yayi yawa huɗu, kuma kar ka haɗa rana biyu masu wahala a jere. Biyu daga ciki sassarfa ce mai sauƙi, minti 20 zuwa 30, irin wadda zaka iya hira da na kusa da kai ba tare da maganar tana yankewa ba, in ka kasa magana to kayi sauri da yawa, rage. Satin farko ma ka rinƙa haɗawa da tafiya, gudu minti uku tafiya minti ɗaya, ba abin kunya bane. Rana ɗaya kuma ita ce ta koyon saurin gwaji, ka ɗumama jiki minti goma sannan kayi zagaye ɗaya a daidai saurin da ake buƙata, ka huta da tafiya minti ɗaya da rabi, ka sake, ka fara da sau huɗu, duk sati ka ƙara ɗaya har ka kai takwas. Duk bayan sati biyu kayi cikakken gwajin da agogon wayarka ka rubuta a takarda. Ba kullum ba, masu gwada kansu kullum su ne masu dawowa da ciwo.

Ka nemi ƙasa mai laushi ko ciyawa, ka rage bin kwalta. Kambas kuma ba sai mai suna ba, wanda ya zauna maka daidai kuma ƙasansa bai cinye ba. Sati shida da suka rage maka sun isa mutum mai lafiya yaga canji sosai, amma fa bazan yi maka ƙarya ba, da wata uku kake dashi da hankalina yafi kwanciya.

TAMBAYA: Oga Koci barka da aiki. Ni ɗan ɗaga ƙarfe ne shekara huɗu, ƙirji da damtse Alhamdulillah ba'a magana, firesof (wato a kife ana ɗaga jiki da hannu) ina yin sittin a zama ɗaya. Ina ganin ai ni gwajin nan wasa ne a wurina ko? Abinda kawai ban gane ba wani abu da naji ana cewa gudun ƙararrawa, meye shi? — Mai ƙwanji

AMSA: Toh, Allah ya ƙara ƙwanji. Amma ƙwanji baya gudu ɗan'uwa, ɗaukarsa akeyi, kuma duk kilo ɗin da ka tara a ƙirji ƙafarka ce zata kai shi zagaye shida. A filin tantancewa irinku ne kuke fara bani tausayi, zakaga mutum ya cire riga kowa na kallonsa, ana busa usur ya fita kamar an harba kibiya ya baiwa kowa rata a zagayen farko, a na uku ya fara waige, a na huɗu ya kama ƙugu yana tafiya, sai wani siririn yaro da ba wanda ya kula dashi yazo ya wuce shi salin alin.

Firesof sittin ɗin ma ina so ka sake ƙirgawa. Ka ajiye waya a gefe ta ɗauke ka bidiyo, ka duba ko jikinka a miƙe yake tun daga kai har diddige, ko ƙirjin yana sauka har gwiwar hannu ta lanƙwashe sosai, ko kana miƙe hannun gaba ɗaya in ka taso. Mai ƙirga a wurin gwaji rabi-rabi baya shiga lissafinsa, zakaji yana ta maimaita sha biyu, sha biyu, sha biyu kai kuma a ranka ka wuce talatin.

Gudun ƙararrawa kuma, layi biyu ake ja, kana kai-komo tsakaninsu, na'ura tana yin ƙara, dole ƙafarka ta taɓa layi kafin ƙarar, kuma kusan duk minti ɗaya ana shiga sabon mataki, tazarar ƙarar tana matsewa. Wani masani ne Luc Léger na Jami'ar Montreal a Kanada ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980, nasa na mita 20 ne. 'Yan sandan Ingila suna amfani da na mita 15, ana so mai neman aiki ya kai mataki na 5.4, wato kai-komo 35, mita 525 cikin kamar minti uku da daƙiƙa 35. A takarda kamar ba komai, kuma gaskiya wannan matakin bashi da tsanani, wasu hukumomin nasu yafi haka nesa. Abinda ke kada mutane juyawar ce, kowane layi sai ka taka birki ka juya ka sake ɗaukar wuta, mai nauyi irinka kuma birki yana masa tsada. Ka sauke sautin a waya, akwai shi kyauta a intanet, ka auna filin da tef, ka tabbatar sautin na mita 15 ne ko na 20 domin ba ɗaya bane. Ka koyi taɓa layi da ƙafa ɗaya ka juya a wurin ba tare da ka zagaya kamar mota ba, kana canza ƙafar juyawa, kuma a matakan farko kar ka riga ƙarar isa ka tsaya jira, ɓarnar ƙarfi ce.

Ƙarfen ka rage shi zuwa sau biyu a sati, ka baiwa gudu sauran.

TAMBAYA: Koci dan Allah a sakaya sunana. Wani wanda ya taɓa zuwa sikirinin yace min yawancin masu wucewa sai sun ɗan sha wani abu, yace in samu tiramol ko ɗaya ne in haɗa da lemon ƙara kuzari gwangwani biyu, wai bazan ji gajiya ba har a gama. Ni bana shaye-shaye wallahi, sau ɗaya ne kawai saboda na gaji da zaman banza, wannan ne karo na uku da nake nema. Meye illar in sau ɗaya ne? — Wanda ya gaji da zama

AMSA: Ƙanena na ji zafin da ke cikin saƙonka, zaman banza ba daɗi, kuma karo na uku ba wasa ba. Amma bari in baka labarin abinda na gani da idona.

Shekarun baya ina cikin masu riƙe agogo a wani gwajin gudu, rana ta ɗaga, akwai wani yaro dogo mai jar riga, tun a layi na lura idonsa yayi wani iri yana ta dariya shi kaɗai. Yayi gudu mai kyau har zagaye na biyar. Yana zuwa daidai inda nake tsaye sai naga ya fara barin layinsa yana tangaɗi kamar mai neman wani abu a ƙasa, na kira lambarsa bai ko juyo ba, sai kawai ya zube, jikinsa ya sandare ya kama jijjiga, kumfa a baki, kambas ɗinsa ɗaya ya fita. Muka juya shi gefe, muka yi ta kwara masa ruwa ana fifita har mota tazo. Da aka ɗauko jakarsa don a nemo lambar 'yan gidansu, ga fankon ƙwayar nan a aljihun gaba. Ya rayu, amma yayi kwanaki a gadon asibiti, kuma maganar aiki ta ƙare a nan. Har yau in na tuna kambas ɗin nan a yashe a tsakiyar fili sai inji ba daɗi.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi dangin su mofin, baya ƙara wa huhu iska, baya ƙara wa ƙafa ƙarfi, abinda yake yi kawai ya toshe maka jin ciwo. Gajiya da ciwo kuwa su ne masu gaya maka jiki ya kusa iyaka, ka kashe su kenan kamar direban da ya cire fitilar gargaɗi don kar ta dame shi. Sannan sananne ne yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yi ba, yana kawo jiri da amai, wanda bai saba ba ma shi yafi saurin bugewa, saboda haka wannan "sau ɗaya" ɗin ba kariya bace. Ko a wasanni hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Ka ɗora masa gwangwani biyu na lemon ƙara kuzari mai sinadarin kafeyin, zuciya na bugawa kamar ganga, ga rana ga tsoro ga gudu.

Kuma ka manta aikin me kake nema? Hukumomin 'yan sanda da yawa suna gwajin fitsari na ƙwaya a cikin tantancewar. Ka ci gudu a kama ka a kwalba, wannan wace irin riba ce.

Tunda muna maganar magani, har masu haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin gudu don kar suji ciwo, ku daina. In jiki ya bushe ga zafi, waɗannan suna takura wa ƙoda. Sannan duk wanda yayi tirenin mai tsanani, tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da ƙima, yaga fitsarinsa ya koma kalar shayi mai duhu, wannan ba tsamin jiki bane, naman jiki ne ke narkewa yana zuba cikin jini, yana iya kashe ƙoda, asibiti a ranar ba gobe ba. Tsamin jiki na gaskiya yana tsananta ne kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye sannan ya sake ka, kuma baya canza kalar fitsari haka.

Ka sake turo min saƙo ka gaya min a ina ka faɗi sau biyun nan, gudu ne ko wani abu, da lokacin da kake yi yanzu, in tsara maka yadda zakayi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Koci. Ni mace ce shekarata 23, gudu bani da matsala sosai, amma firesof ko ɗaya bana iyawa, ina sauka sai in kife. Yayyena sai dariya suke min wai in haƙura aikin maza ne. Akwai dabara? Sannan ina yawan jin jiri in na gama gudu. — 'Yarka mai buri

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki bar su da dariyarsu, rabin su in kika ce su sauka suyi goma masu kyau zakiga ido ya raina fata. Da farko ki duba sanarwar, hukumomi da yawa adadin da suke nema wurin mata daban ne da na maza, wasu kuma ɗaya ne ga kowa, ki san naki.

Dabarar ita ce ki fara daga sama ki rinƙa saukowa. Ki dafa bango kiyi goma sha biyar sau uku, in ya zama wasa ki koma dafa tebur mai ƙwari, daga nan benci ko matakalar bene ta uku, ta biyu, ta ɗaya, har ki iso ƙasa. Jiki a miƙe kamar katako, ciki a ɗaure, kar ƙugu ya lotsa kar kuma ya tashi sama. Na fi son wannan akan na durƙusawa a gwiwa saboda tun farko yana koya miki riƙe jiki yadda za'a nema. Ki haɗa da wata dabarar, ki hau matsayin firesof sosai sannan ki sauka a hankali kina ƙirga biyar har ƙirji ya kai ƙasa, ki sa gwiwa ki tashi ki sake, sau biyar. Tsoka tafi ƙarfi wurin sauke nauyi akan ɗaga shi, ta nan ake shigo mata. Sau uku a sati ya isa. Na farkon shine mai wuya, daga ɗaya zuwa goma yafi sauri akan daga babu zuwa ɗaya.

Jirin kuma kar ki share shi. In kina tsayawa cak da zarar kin gama gudu, jini yana taruwa a ƙafa, ki rinƙa takawa minti biyar kafin ki tsaya ko ki zauna. In bai daina ba, ko kina yawan kasala da haki ko al'adarki tana zuba da yawa, kije a auna jininki, ƙarancin jini yana da yawa a 'yan mata kuma yana cinye gudu sosai, maganinsa kuma ba wuya in likita ya gano. In kuwa jirin a tsakiyar gudu yake zuwa, ko da ciwon ƙirji ko kin taɓa suma, ki dakata da gudun sai an duba zuciyarki.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce. Ɗana yana ta shirin gwajin nan, to shi AS ne, bai taɓa ciwon sikila ba lafiyarsa ƙalau, amma naji ance irinsu suna faɗuwa a wurin gudu. Hankalina ya ƙi kwanciya, in hana shi ne? — Uwa mai addu'a

AMSA: Hajiya Allah ya kwantar miki da hankali, tambayarki tana da muhimmanci. AS ba ciwon sikila bane, kuma akwai manyan 'yan wasa da sojoji birjik masu AS. Amma abinda kika ji yana da tushe. A 1987 an wallafa wani bincike akan kuratan sojan Amurka da ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin mutuwar fuju'a lokacin horo mai tsanani. Daga baya a 2016 wani binciken akan sojoji kusan dubu 48, a lokacin da rundunar ta riga ta tsaurara ƙa'idojin shan ruwa da kiyaye zafi, bai ga ƙarin mutuwa a masu AS ba, sai dai ya ga sun fi saurin samun narkewar tsokar nan da na ambata a sama. Abinda na fahimta daga biyun shine haɗarin yana tasowa ne in aka haɗa gudun ƙure ƙarfi da zafi da ƙishirwa da jikin da bai saba ba.

Saboda haka ban ce ki hana shi ba. Yaje yaga likita kafin ya tsananta tirenin, ya hau a hankali, ya sha ruwa, kar ya kuskura yayi gudu yana zazzaɓi ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba. In a tsakiyar gudu yaji ƙafafunsa sun mutu ko ciwo ya kama cinya ko baya ba tare da tsokar ta ɗaure ba, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take ya nemi taimako, kar ya biye wa masu ihun cije. Kuma in an tambaye shi a fom ɗin lafiya ya faɗi gaskiya. Ki zaunar dashi ki karanta masa wannan da bakinki, samari sunfi jin uwa akan koci.

TAMBAYA: Koci saura santimita biyu in kai tsawon da ake nema, shekarata 24. Akwai atisaye ko maganin ƙara tsawo? Naga ana tallan wani a Facebook. — Gajere mai zuciya

AMSA: Babu. Ƙashi yana daina tsawo yawanci kafin shekara 20, mai tallan kuɗinka kawai yake so. Abinda na sani shine mutum yafi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya saboda faifan da ke tsakanin ƙashin baya basu matse ba tukuna, sannan tsayuwa a miƙe tana dawo da abinda ranƙwafawa ta cinye. Ka sa a auna ka da kyau ba takalmi, diddige a bango, ƙila ma awon da kake dashi ba daidai bane. In bai kai ba, akwai hukumomin da basa sa sharaɗin tsawo.

TAMBAYA: Yallaɓai nawa gwajin saura kwana takwas, na yi wata uku ina shiri. Me zanyi a satin ƙarshe da kuma ranar? Ina tunanin in ninka tirenin. — Na kusa

AMSA: Kar ka ninka, ka rage. Ba'a fafe gora ranar tafiya, kai kuma ka riga ka fafe taka, abinda zaka ƙara a kwana takwas gajiya ce kawai. Ka yanke yawan gudun zuwa rabi amma ka bar ɗan sauri a ciki, misali zagaye uku a saurin gwaji saura kwana huɗu, kwana biyun ƙarshe kuma tafiya da ɗan miƙe jiki. Abu ɗaya da zan so ace kayi tun baya shine sabawa da lokacin, domin kai da sanyin safiya kake fita, su kuma sai su tara ku tun asuba a yi ta duba takardu, ba'a busa usur ba sai rana ta take. Jiki yana ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi, to ko yanzu ka mayar da sassarfarka mai sauƙi zuwa hantsi, minti ashirin, da ruwa a hannu.

Barcin da yafi amfani na daren da ya gabaci daren gwajin ne, domin daren gwajin da wuya ka runtsa sosai, kuma wannan ba zai kada kai ba. Ka ci abinda cikinka ya saba dashi, mara nauyi, awa uku kafin, kar ka gwada sabon abu, kar ka sa sabon kambas. Ruwa kamar rabin lita awa biyu zuwa uku kafin, sannan kurɓi-kurɓi, ba ka ɗura jarka guda ba, yawan ruwa fiye da ƙima shima yana kwantar da mutum. Ka tafi da ɗan abin taɓawa da hula saboda jira, ka haɗa takardunka a jaka tun dare. In an kusa kiran rukuninku ka ɗan yi sassarfa minti biyar ko a gefe ne. Zagayen farko zai zo maka da sauƙi har kaji kamar ana tura ka, ka duba agogo ka riƙe kanka a lissafinka, ka bar masu tsere su tafi, zaka same su a gaba. Igiyar kambas ɗauri biyu.

Masu tambaya akan gwajin ido da na hawan jini, na ga saƙonninku, fili ne ya ƙare, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.